Yadda Na Tura Kawu Fotugal

Shekara huɗu da wata bakwai Kawu ya yi a gidana, kuma tun a wata na uku na fara neman hanyar da zai bar mini shi. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya karanta ya nema mini uzuri, ya ce ai rashin sani ne. Ba rashin sani ba ne, idona biyu na yi duk abin da na yi.

Kawu yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya riga kowa a danginmu zuwa Amurka. Ya yi tuƙin tasi, ya yi gadi, daga ƙarshe ya shekara goma sha wani abu yana ɗaga kwali a wani sito da ke bayan titin Wendover, har gwiwoyinsa suka ce ba su san zancen ba. Shi ya taro ni a filin jirgi ranar da na sauka Greensboro, shi ya koya mini tuƙi, shi ya tsaya mini a matsayin uba da aka zo ɗaura aurena. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Matarsa ta rasu a Kano, Allah bai ba su haihuwa ba, gidan gado kuwa an sayar an raba tun yana nan. Da ya ajiye aiki, ɗan fanshon da gwamnati ke ba shi ya kasa riƙe hayar ɗakinsa. Sai maigidana, sarkin alheri da gidan da ba shi ke sharewa ba, ya ce ai ba za a yi haka muna raye ba, Kawu ya dawo wurinmu.

Gidan namu kuwa ɗaki biyu ne da falo, a hawa na biyu, banɗaki ɗaya. Aka kwashe 'ya'yana mata biyu daga ɗakinsu aka mai da su falo, kan kujerar nan da ake buɗewa ta zama gado. Babbar tana da shekara goma sha uku a lokacin, ƙaramar goma sha ɗaya. A falo suka yi girma. A nan suke karatu, a nan suke barci, kayan sawarsu a cikin akwati bayan kujera, in za su canza kaya sai sun bi layin banɗaki. An ce baƙo raɓa ne, to ni tawa raɓar damina ta zama.

Da Kawu mai shiru ne da da sauƙi. Ina. In ya shiga alwala sai ya bar banɗakin kamar an wanki rago, buta a kife, ruwa har bakin ƙofa, sau biyar a yini. Da asuba zai ƙure rediyon wayarsa yana jin labaran gida, ya fito falo ya tsaya a kan yaran suna barci ya ce su rufe kansu. Ranar Lahadi ya tara abokansa tsofaffi a falon, a sha shayi a yi gardamar siyasar Najeriya tun azahar har magariba, yaran su rasa inda za su sa kansu sai su zauna a matakala da littattafansu. In na tuƙa tuwo ya kai loma ɗaya ya ce, "Uwata, hannun uwarki dai ba ki gaje shi ba." Wata rana a gaban baƙi, yana sakace, ya ce macen da ba ta haifi namiji ba ai ba ta fara haihuwa ba. Aka yi dariya. Ni ma na yi, ina riƙe da tire.

Kuma ba halin in ce ya tashi. A wurinmu ba a ce wa babba ya tashi, balle kawu, balle wanda ya taro ka a filin jirgi. Da na furta, kafin magariba labari ya isa Kano, mahaifiyata ta kira tana kuka tana cewa na tozarta ta. Matan Greensboro kuma su samu abin taunawa na shekara guda. Dole sai dai shi da bakinsa ya ce zai tafi, ni kuma in riƙe masa riga in ce haba Kawu.

Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu. In yi musu wanka, in ba su magani, in canza musu zanin gado, a biya ni da awa. Kawu yana kiran aikin wankin tsofaffin Nasara, ko da yake da kuɗin wankin ake sayen shinkafar da yake ci. A cikin waɗanda nake dubawa akwai wata tsohuwa Baturiya da ɗanta ya yi ritaya ya koma Fotugal da zama. Kullum sai ya kira ta a bidiyo, teku a bayansa, fuskarsa ta yi ja saboda rana, yana ba ta labarin yadda komai yake araha. Yana turo mata bidiyoyin Amurkawa irinsa da suka koma can, suna zaune a bakin titi suna shan kofi suna lissafa abin da suke kashewa a wata. Ina yanke mata farce muna kallo tare. Na san mutumin ya sayar da katafaren gida kafin ya tafi, na san fanshonsa na kamfani ne, ya ninka na Kawu ban san sau nawa ba, don uwar ba ta da wata hira sai wannan. Ina riƙe da ƙafarta dabarar ta zo mini.

Ban ce wa Kawu komai ba. Wata Asabar da hantsi na kunna ɗaya daga cikin bidiyoyin a talabijin ɗin falo, na zauna ina ninke wanki kamar ba ruwana. Ya fito da carbinsa, ya tsaya, ya ce wace ƙasa ce wannan. Na ce oho, wai Fotugal, wai tsofaffin Amurka ke komawa can don fanshonsu ya fi yi musu auki. Ya zauna. Ban sake kunna masa wani ba, na'urar da kanta ta ci gaba da kawo masa su ɗaya bayan ɗaya. Cikin sati biyu Kawu ya daina jin labaran gida da asuba, ya koma kallon Turawa suna sayen kifi.

Akwai wata kalma da mutanen bidiyon ke kiran kansu da ita, wai ekspat, wato wanda ya bar ƙasarsa ya zauna a wata don jin daɗi ba don neman abinci ba. Kawu ya ɗauke ta ya rataya. Ya ce shekara talatin yana ɗan ci-rani a Amurka, yanzu ga shuɗin fasfon Amurka a hannunsa, in ya sauka can shi ma Ba'amurke ne kamar kowa. Na dube shi, baƙin tsoho dogo da tsagen gado a kumatu da hula zanna, na ce ƙwarai kuwa, Kawu.

Ranar da ya yi lissafin ba zan manta da ita ba. Ya yage bayan tsohuwar kalanda ya shimfiɗa a teburin cin abinci, ya sa tabarau, ya kwafe jerin da wata mata da mijinta suka bayar a bidiyo: haya, wuta, ruwa, waya, cefane, giya, cin abinci a waje, abincin kare, likitan kare, gidan motsa jiki, yawon buɗe ido. Sai ya ɗauki biro ya fara soke su. Ya soke giya yana a'uziyya. Ya soke kare da likitansa. Ya soke cin abinci a waje, ya soke motsa jiki, ya ce wanda ya ɗaga kwali shekara goma sha ya gama nasa motsin har lahira. A cefane ma ya rage kashi guda, wai na naman alade ne. Da ya haɗa abin da ya saura sai ga shi ƙasa da fanshonsa, har da rara.

Ya ce, "Kin gani, Uwata? Rabin kuɗin Nasara a shirme yake tafiya. Musulmi in ya je can ai sarki ne."

Abin da babu a takardar shi ne duk abin da Kawu bai taɓa saya da kuɗinsa ba. Shekara huɗu bai sayi ƙwayar shinkafa ba, bai san kuɗin sabulu ba. Maganin sukarinsa ni nake karɓo masa, inshorar tsofaffi ke biyan mafi yawa, ita kuwa ba ta tsallaka teku. Asibiti maigidana ke kai shi. Naman da yake ci na yankan Musulmi ne, a cikin firizarmu yake samunsa. Duk wata yana tura wa ƙannensa mata biyu wani abu a Kano, wannan kuma bai sa shi a lissafi ba don a wurinsa ba kashe kuɗi ba ne, zumunci ne. Sannan bidiyon da ya kwafa ya yi shekaru, ga kwanan watan nan a rubuce da ƙananan baƙaƙe a ƙasa. Na riga na ji ɗan tsohuwar nan yana ƙorafi cewa haya ta tashi a can, don irinsu sun yi yawa.

Ya turo mini takardar ya ce, "Ke da kika yi boko, duba mini. Akwai abin da na manta?"

Na ɗauka na daɗe ina dubawa, har da bin layi da yatsa. Na ce, "Kawu, ka manta kuɗin aski."

Ya yi dariya har da tari, ya ce Allah ya yi mini albarka, ya ƙara kuɗin aski a ƙasa.

Da ya faɗa da bakinsa cewa zai tafi, na yi abin da ake yi. Na ce haba Kawu, me muka yi maka, wa zai riƙa yi mana faɗa. Har ƙwalla na matso. A raina kuwa cewa nake abin nema ya samu. Maigidana ne ya so ya ɓata mini shiri. Ya same ni a kicin ya rage murya ya ce anya kuwa, tsoho mai ciwon sukari, ƙasar da ba ya jin yarensu, ba shi da kowa. Na ajiye ludayi na ce, "Kai ka fi shi sanin duniya? Ya zo ƙasar nan kana makarantar firamare. Ko so kake ka nuna masa ya tsufa ba ya iya yanke wa kansa shawara? Je ka faɗa masa da bakinka." Bai je ba. Na san ba zai je ba, kunyar Kawu yake ji kamar surukinsa na gaske.

Takardun biza ni na cike su. Ni da ke yin wata uku ban cike takardar makarantar yara ba, wannan a kwana huɗu na gama. Suna son shaidar wurin zama, na shiga intanet na nema. A bakin teku inda ake ɗaukar bidiyoyin ko ɗakin ajiye tsintsiya ya fi ƙarfin Kawu, sai na samo masa wani ɗan gida a wani ƙaramin gari can cikin ƙasa, nesa da Lisbon, babban birnin ƙasar. A hoto yana da farin bango da itacen lemo a tsakar gida. Mai gidan ya nemi hayar watanni a gaba, Kawu ya fasa ɗan abin da ya daɗe yana ajiyewa don likkafaninsa da kabarinsa ya biya.

Aka yi masa walimar bankwana wata Lahadi bayan azahar, a zauren masallacinmu da ke gabashin gari. Na soya waina ta cika kula biyu, na yi miyar taushe, ban taɓa girki da daɗin rai irin na ranar ba. Mutanenmu suka cika wurin, 'yan Najeriya da 'yan Nijar har da 'yan Gana. Liman ya yi addu'a, Kawu ya miƙe ya nemi gafarar kowa, kowa ya yafe masa, mata suna sharar hawaye. Da ya tsaya nan da ya tsira da wani abu. Amma Kawu ne. Ya gyara babbar riga ya ce shi dai ya gama bautar bil, biyan kuɗin haya da na wuta duk wata, ya bar mu da ita. Ya ce duk wanda ya gaji da kankare ƙanƙara a gilashin mota ya zo ya same shi, akwai ɗakin baƙi. Ya kira abokansa na shayi ɗaya bayan ɗaya ya raba musu rigunan sanyinsa, manyan kwat guda uku da safar hannu da hular ulu, har da ɗan hitan da yake kunnawa ya ɗumama ɗaki. Wai inda za shi rana ce shekara duka.

Wani Alhaji mutumin Damagaram, mai gyaran mota, ya karɓi kwat ɗin yana juya shi a hannu. Ya ce wa Kawu, "Alhaji, ka riƙe wannan. Ƙanena yana Italiya shekara tara. Turai ta kudu sanyinta a cikin ɗaki yake, ba a waje ba. Kuma luwaye, kuɗin haya, ba yadda suke faɗa ba ne. Araha ba ta ado. Ka je ka yi wata guda ka gani tukuna."

Na ga maganar ta fara shigar Kawu. Kafin ya buɗe baki na iso da faranti na cusa wa Alhajin a hannu, na ce, "Alhaji, ba ka ci waina ba, ga ta da zafi. Italiya ai daban, Fotugal daban. A bar Kawu ya tafi da fatan alheri." Ya dube ni, ya dubi farantin, ya ce haka ne Hajiya, Allah ya sa a dace. Aka shafa fatiha. Aka haɗa masa guzuri, kilishi da yaji da kuka da daddawa, an yi masa irin sallamar da ba a yi wa mutum sau biyu.

Ranar da muka kai shi filin jirgi, daga can ban zarce gida ba sai da na tsaya na sayi fenti. Kafin la'asar na fitar da katifarsa na jingine a wurin zuba shara, na buɗe tagogi, yaran suna ta murna da Turanci suna gardamar wa za ta ɗauki gefen taga. Na yi farin ciki ranar, farin ciki na gaske, ba zan ɓoye ba.

Watanni biyun farko Kawu yana kira a bidiyo kusan kullum. Ya nuna mana itacen lemo, ya nuna mana burodi, ya ce ku ga abin da na saya da 'yan sulalla. Burodin da kifin dai da araha, wannan ba a yi masa ƙarya ba. Sai hunturu ya shiga. Na fara ganinsa da bargo a kafaɗa da rana tsaka. Ya ce gidajen can ba a sa musu ɗumi, bangon dutse ne, da safe sai ka ga yana zufa, har wani baƙin abu ya fito a kusurwa. Ya sayi hita, takardar kuɗin wuta ta zo, ya kashe hitan ya mai da shi cikin kwalinsa. Garin ba masallaci. In zai yi Juma'a sai ya shiga bas ya shiga jirgin ƙasa zuwa birni, kuɗin motar ya ci na cefanen kwana biyu, sai ya koma zuwa sau ɗaya a wata. Mahaucin Musulmi ma sai can. Kifin gwangwani da burodi ya zama abincinsa, mai ciwon sukari. Ya ce ya yi sati uku bai yi magana da kowa ba sai kyanwar maƙwabta, ita ma ba ta jin Hausa.

Duk wannan da dariya yake faɗa, kamar labarin wani. Ni ma da dariya nake karɓa. In ce kai Kawu, ai ka zama Bature. In ya yi shiru in ce bari in je, tukunya tana kan wuta.

Da shekara ta zagayo mai gidan ya ce zai gyara shi ya riƙa ba masu yawon buɗe ido, sun fi biya. Kawu ya shiga neman wani. Ya ce in ya yi waya da Turancinsa na Amurka sai a ce ɗaki yana nan, in ya je aka buɗe ƙofa aka gan shi sai a ce yanzun nan aka kama. Wasu su ce ya kawo ɗan ƙasa da zai tsaya masa. Fasfon ya riƙa fitarwa yana nunawa a bakin ƙofa, ba wanda ya karɓa ya duba. Daga ƙarshe ya samu gado, ba ɗaki ba, a wata unguwa a gefen Lisbon, tare da wasu leburorin gini 'yan Afirka ta Yamma, su biyar a ɗaki. Daga nan ya daina kiran bidiyo, ya ce kyamarar wayar ta lalace.

Wata Asabar ina tsaye ina guga ya kira. Muka gaisa, ya tambayi maigidan, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen masallaci ɗaya bayan ɗaya. Muryarsa ta yi ƙasa, yana tari. Sai ya ce, "Uwata, yaran suna jin daɗin ɗakin kuwa?"

Na san abin da yake tambaya. Kawu ba zai taɓa cewa zan dawo ba, ba zai roƙi 'yar ƙanwarsa wurin kwana ba ko zai mutu a titi. Iyakar abin da girmansa zai bar shi ya faɗa ke nan, saura nawa ne.

Na ce, "Sosai ma, Kawu. Mun yi fenti, mun sa musu gado biyu da teburin karatu. Babbar ma tana shirin jarrabawar shiga jami'a, ka ga da ba ɗakin da ban san yadda za ta yi ba. Kullum suna sa maka albarka."

Ya ce, "Madalla. Allah ya ba da sa'a."

Bayan wannan ya kira sau uku ko huɗu, ina ganin sunansa ina barin wayar ta yi ta ƙara har ta gaji. In maigidana ya tambaya in ce mun yi magana jiya, yana lafiya, yana gaishe ka. In mata suka tambaya a wurin suna in ce Kawu ai sai hamdala, ya yi ƙiba. Daga baya kiran ya tsaya. Na ce wa kaina ai ban kore shi ba, ban ce masa kada ya dawo ba, shi ya yi lissafinsa da hannunsa. Amma na shiga ban ɗauka ba ba ta fid da ɓarawo, wannan ma na sani.

Kusan shekara biyu da tafiyarsa, cikin watan Agusta, na je cefanen wata a wani babban kanti a Wendover, wanda na saba zuwa don shinkafarsu ta fi sauƙi. Rana ta take, kwalta tana tururi. Na turo keken kaya zuwa mota, na buɗe but, ina kokawa da buhun shinkafa, sai na ji ƙarar kekuna a bayana, irin dogon layin nan da ma'aikata ke tattarowa daga filin ajiye motoci. Mai turo su ya tsaya yana jira in gama ya ɗauki nawa. Na juyo in ce masa minti ɗaya.

Kawu ne. Yana sanye da rigar ma'aikata mai ɗaukar ido da hular hana sallah, ya rame har wuyansa ya yi tsawo, gumi yana bin tsagen kumatunsa. Ya gan ni, na gan shi, ba inda ɗayanmu zai gudu.

Na durƙusa a kan kwaltar nan mai zafi na ce, "Kawu, ina wuni."

Ya ce, "Lafiya lau, Uwata. Tashi, ana kallonmu. Ya yaran?"

Na ce yaushe, ta yaya. Ya ce wata huɗu ke nan. Ciwo ya kwantar da shi a can, wasu bayin Allah a masallaci suka haɗa masa kuɗin jirgi. Ya kama ɗaki a wani gidan haya kusa da tashar bas ta cikin gari, shi da wasu mutane da bai san su ba, kicin ɗaya banɗaki ɗaya. Fanshon ba ya isa, shi ya sa ya nemi wannan, kwana huɗu a sati. Juma'a yana zuwa wani masallaci can wani gari inda ba Bahaushe ko ɗaya. In ya hango motar wani namu a filin nan sai ya zagaya bayan kanti, yau dai bai gane tawa ba don na canza.

Ya ce, "Ba wanda ya sani. Mutanen da na tsaya a gabansu na raba wa riguna, da wane ido zan dube su? Ki rufa mini asiri, ko maigidanki kada ya ji."

Na ji kunya, kunyar da ban taɓa jin irinta ba. Amma a ƙarƙashinta na ji wani sanyi a raina da ya ce kada kowa ya ji, na kuma tsani kaina da jin sanyin, amma na ji shi.

Ya sunkuya ya kama buhun shinkafar. Na ce Kawu bar shi, ya ce aikinsa ne. Ya ɗaga shi da ƙyar, ya sa a but, ya jera sauran ledojin a gefe yadda ƙwai ba zai fashe ba.

Na ce, "Kawu, ka zo mu tafi gida."

Ya ce, "A'a, Uwata, ina nan lafiya. Kada in takura muku."

Haka ya kamata ya ce. Ko tuwo aka yi wa babba tayi, sai ya ce alhamdulillahi ya ƙoshi, sai an sake, an kuma sakewa, an haɗa shi da Allah, sannan ya sa hannu. Ya sani, na sani. Ya tsaya riƙe da keken da babu komai a ciki, bai tura shi ba, bai dube ni ba, yana kallon layin fentin da ke ƙasa. Yana jiran na biyun. Na ga 'ya'yana a kan kujerar falo, na ga butar nan a kife. Bakina ya buɗe.

Na ce, "To, Kawu, yadda ka ce."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce in gai da gida. Ya haɗa kekena da sauran, ya sa kafaɗa, ya tura su suka nufi ƙofar kanti, yana ɗingishi a bayansu.

Ban faɗa wa maigidana ba, ban faɗa wa mahaifiyata ba. Shinkafar nan mun yi wata guda muna cinta. Tun daga ranar na koma yin cefane a wani kantin can gaba da mu, ko da yake kayansu sun fi tsada.